Yadda Ake Amfani da Maɗaurin Miƙe Gwiwa Bayan Rauni ko Tiyata

Yawancin waɗanda aka sallama daga asibiti da maɗaurin gwiwa a gaggauce aka ɗaura musu shi, suna cikin zafin ciwo ko magagin allurar barci, ba su ma ga yadda aka yi ba. Sai an kwana biyu a gida tambayoyi su taso. Ya zame ya sauko idon sawu, yaya za a yi? Da shi ake kwana? Ana cirewa a yi wanka? Ga amsoshin daki-daki.

Abin da ake magana a kai shi ne maɗaurin da ake saya a shirye, mara gaɓa, mai riƙe ƙafa a miƙe sambal daga cinya zuwa kusa da idon sawu. Daban yake da mai gaɓar ƙarfe a gefe wanda ake saita masa iyakar lanƙwasawa, daban kuma da safar roba da 'yan wasa ke sawa. Ana ba da shi ga karayar ƙoƙon gwiwa idan ƙashin bai rabu ba, da tsinkewar jijiyar da ke sama ko ƙasa da ƙoƙon, kafin tiyata da bayanta, da gocewar ƙoƙo, da kuma kwanakin farko bayan wasu ayyukan tiyata, musamman idan an yi allurar kashe jijiyar cinya, wadda ke sa ƙafa ta kasa ɗaukar mutum na ɗan lokaci. Duk inda bayanin nan ya saɓa da na likitanka, nasa za ka bi, don shi ya ga hoton ƙashin.

1. Tambayoyin da za ka yi kafin ka bar asibiti

Maɗauri iri ɗaya ne, amma dokarsa ta bambanta daga rauni zuwa rauni. Ka tambaya, kuma a rubuta maka ko mai jinyarka ya rubuta:

Zan taka ƙafar? Amsar takan zama ɗaya cikin uku: kada ka taka sam, ka taɓa ƙasa da yatsu kawai don daidaita tsayuwa, ko ka taka gwargwadon yadda za ka iya jurewa. Zan iya buɗe shi don duba fata da wanka? Zan kwana da shi? An yarda in ɗaga ƙafar sama a miƙe da ƙarfin kaina? Har zuwa yaushe zan sa shi, kuma wace rana zan dawo? Akwai maganin hana daskarewar jini da zan sha?

Gargaɗi: targaɗe mai sauƙi ba ya buƙatar a kulle gwiwa na makonni. Wanda ya saya wa kansa maɗauri ba tare da an duba shi ba, ya yi wata guda a ciki, yana iya fitowa da gwiwar da ta fi ta da matsala.

2. Awo da zaɓen wanda ya dace

Da tef ɗin awo na tela ake aunawa, kana kwance, ƙafa a miƙe. Idan taɓa mai ciwon na da wuya, a auna tsawo a lafiyayyar ƙafar.

Tsawo shi ne na farko. A auna ta gefen ciki, daga kimanin faɗin yatsu huɗu ƙasa da matsematsi zuwa faɗin yatsu uku sama da ƙashin idon sawu. Ana sayar da na manya da tsawon inci 16, 18, 20, 22 da 24, wato kusan santimita 40, 45, 50, 55 da 60. Na inci 20 ne ya fi dacewa da matsakaicin mutum, akwai kuma gajeru irin na inci 12 don yara. Sai kauri: a auna zagayen cinya santimita 15 sama da tsakiyar ƙoƙon gwiwa, a gwada da jadawalin da ke jikin kwalin, domin kowane kamfani da nasa ma'aunin.

Gajere ba ya riƙe gwiwa. Yana kama da yana aiki, amma da ka yi yunƙurin tashi za ka ji gwiwar ta ɗan lanƙwashe a ciki, saboda ƙarafan ba su da isasshen tsawon da za su dafe cinya da ƙwauri. Wanda ya yi tsawo kuma bakinsa na sama zai riƙa sukar matsematsi idan ka zauna, na ƙasa ya goge idon sawu. Idan awonka ya faɗa tsakanin biyu, ɗauki mai tsawon, muddin bai taɓa waɗannan wurare biyu ba.

Wajen kashe kuɗi, abu uku ne suka cancanci a biya dominsu: ƙarafan alminiyom da ake iya zarewa daga aljihunsu, soso mai kauri da aka lulluɓe da yadi mai shan gumi, da ƙirar falle uku, wadda fallayen gefe ke ciruwa a matsar da su daidai kaurin ƙafa. Mai falle ɗaya ya fi araha, sai dai ba ya saituwa idan kumburi ya sauka. Ka haɗa da safar auduga doguwa mara tafi, mai kamar bututu, guda biyu ko uku. Ita ce ƙaramin kuɗin da ya fi amfani a cikin duka sayayyar. Idan aro aka ba ka, duba mannen bel ɗin: wanda ya cika da zare da gashi ba ya kamawa, zai buɗe kana tsakiyar tafiya.

3. San sassansa

Shimfiɗa shi a gado, soso yana kallon sama. Ɓangare mai faɗi na cinya ne, siriri na ƙwauri. Mutane da yawa kan juya shi kai-ƙasa idan sun cire sun mayar, sannan su yi ta mamakin yadda ya ƙi zama. A tsakiya akwai ƙarfe ɗaya zuwa uku da ke bin bayan ƙafa, galibi an ɗan tanƙwara su daidai tudun sha-raɓa da kwarin bayan gwiwa. A gefe biyu akwai ƙarfe ɗaya-ɗaya. A bakunan gaba akwai wata 'yar yanka mai siffar rabin da'ira, idan an rufe ta zama tagar da ƙoƙon gwiwa ke leƙowa. Sai bel huɗu zuwa shida masu mannewa, irin na Velcro.

Gargaɗi: kada ka tanƙwara ƙarafan baya don ka ji daɗin zama. Idan an ce ƙafa a miƙe, ɗan lanƙwasawar da ka ƙara tana jan ɗinkin jijiya ko bakin karaya. Idan ƙarfe na sukar ka, ma'aikacin asibiti ne zai gyara shi.

4. Shirya ƙafar

Fata ta kasance a wanke, a bushe ƙarau, musamman kwarin bayan gwiwa inda gumi ke taruwa. Kada a shafa mai ko man zafi a inda maɗaurin zai zauna: mai na sa shi santsi, man zafi kuma a ƙarƙashin soso yana iya ƙona fata. Idan akwai ɗinki, bandeji ya rufe shi tsaf. Sa safar audugar daga sama da inda maɗaurin zai tsaya har ƙasa da shi, a ja ta kada ta bar ninki ko ɗaya. Ninkin da ba ka ji da safe shi ne bororon da za ka gani da daddare.

Kada a ɗaura a kan wando mai kauri ko mai santsi. Wandon shi zai hau saman maɗaurin, don haka gajeren wando ko mai faɗin ƙafa ya fi.

Gargaɗi: duk lokacin da ka buɗe, dubi bandejin. Mugunya, wari, ja da ke yaɗuwa daga bakin ɗinki, ko zazzaɓi da ya kai digiri 38 alamun ƙwayar cuta ne, a koma asibiti a ranar.

5. Ɗaurawa

A kwance ake ɗaurawa, ko a zaune a kan gado da ƙafa a miƙe. Ba a ɗaurawa a tsaye, ba a ɗaurawa a bakin kujera da ƙafa a rataye. A makon farko ka nemi mai taimako.

Na farko, buɗe bel duka, a shimfiɗa maɗaurin kusa da ƙafar.

Na biyu, mai taimako ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin dunduniya, ɗaya ƙarƙashin sha-raɓa kusa da gwiwa, ya ɗaga ƙafar gaba ɗayanta kaɗan, iyakar yadda maɗaurin zai shige. Kai kuma ka saki jikinka. Idan an ɗinke maka jijiyar ƙoƙo, kada ka taya shi ɗagawa, domin tsokar da za ka ɗaga da ita ita ce ke jan ɗinkin. Idan kai kaɗai ne, rataya tawul a tafin ƙafa ka ja da hannu biyu, ko ka tura maɗaurin ta gefe a hankali.

Na uku, saita tsakiya. Wannan shi ne matakin da komai ya rataya a kansa. Lalubo ƙoƙon gwiwa da yatsa, ka tabbata yankar gaba tana daidai da shi, ƙarafan baya kuma suna bin tsakiyar bayan ƙafa, ba su karkata gefe ba. Yatsun ƙafa su kalli sama. Ƙafar da ke kwance takan faɗa waje da kanta, idan aka ɗaure ta a haka, da ka miƙe tsaye za ka ga maɗaurin ya murɗe.

Na huɗu, saita fallayen gefe. Ƙarfen ciki da na waje su bi tsakiyar gefen ƙafa, daga gefen cinya zuwa saitin idon sawu. Idan sun yi gaba sosai ko baya sosai, ɓalle fallen ka matsar da shi. Ana yin wannan sau ɗaya, sai kuma idan kaurin ƙafar ya canza.

Gargaɗi: a gefen waje, kaɗan ƙasa da gwiwa, akwai wani ɗan ƙullin ƙashi. Wata jijiyar ji da motsi tana zagaye wuyansa dab da fata, ita ce ke ɗaga ƙafa da yatsu sama. Idan ƙarfe ko bakin bel ya danne ta na sa'o'i, saman ƙafa zai mutu, a wasu lokuta ƙafar ta riƙa faɗuwa mutum ya kasa ɗaga ta. Lalubo ƙullin, ka tabbata soso ne a kansa, ƙarfe bai hau shi ba.

Na biyar, rufe fallayen a gaba ka fara ɗaure bel. Fara da wanda ke ƙasa da ƙoƙon gwiwa, sai wanda ke samansa. Waɗannan biyun su ke kafe maɗaurin a mazauninsa. Daga nan ka bi sauran kana nisantar gwiwa, na ƙwauri zuwa ƙasa, na cinya zuwa sama. A zagayen farko ka ɗaure su sako-sako, sannan ka dawo zagaye na biyu ka ƙara ja. Wanda ya ja bel na farko tamau tun daga farawa yakan jawo maɗaurin duka gefe ɗaya. Wasu kamfanoni na cewa a fara daga ƙasa zuwa sama, idan haka takardar naka ta ce babu laifi, abin lura dai kada tagar ta bar kan ƙoƙon.

Kada bel ya bi ta kan ƙoƙon gwiwa kai tsaye, ko ta kan ɗinki.

6. Gwada matsin

Tura yatsu biyu a kwance ƙarƙashin kowane bel. Su shiga da ɗan ƙyar. Idan sun ƙi shiga ya matse da yawa, idan hannu duka na shiga ya yi sako-sako. Sai ka danna farcen babban yatsan ƙafa har ya yi fari ka saki: jininsa ya dawo cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Motsa yatsu, ɗaga ƙafar sama daga idon sawu ka sauke. Taɓa saman ƙafa da tafinta ka ji ko daidai suke da na ɗaya ƙafar. Bayan minti 15 ka sake wannan gwajin, don matsi ba ya nuna kansa nan take.

Gargaɗi: yatsu sun yi sanyi, sun canza launi, ko kana jin tsikarin allura a cikinsu, sassauta bel duka nan da nan ka ɗaga ƙafar. Idan cikin 'yan mintuna bai gyaru ba, asibiti. Haka kuma ciwo mai tsanani da ke ta ƙaruwa a ƙwauri, wanda magani ba ya taɓawa, ƙwaurin ya yi tauri, ciwon ya ƙaru idan an motsa yatsu, wannan na iya zama kumburin da ya toshe jini a cikin tsoka. An fi ganinsa bayan karayar saman ƙashin ƙwauri, kuma sa'o'i kaɗan ke tsakaninsa da lalacewar tsoka. Ba a jiran wayewar gari.

Mai ciwon suga ko wanda jin ƙafarsa ya ragu ba zai dogara da zafi ya faɗa masa ba. Ido ne zai yi aikin, sau uku ko huɗu a rana.

7. Idan yana zamewa

Zai zame. Kusan kowa da wannan yake fama, kuma ba lallai laifin mai ɗaurin ba ne. Ƙafa siffar mazurari gare ta, faɗi a sama, tsukewa a ƙasa, ga nauyin ƙarafa na ja ƙasa duk taku. Ƙari a kan haka, kumburi na sauka, tsokar cinya na raguwa tun daga makon farko, don haka ɗaurin da ya zauna daram ranar Litinin zai yi lako-lako kafin Juma'a.

Idan ya sauko, abu biyu ne ke faruwa. Cinya ta fita daga riƙo, gwiwa ta sami damar lanƙwasawa. Bakin ƙasa kuma ya zauna a kan agara da idon sawu, inda babu nama, ya fara cin fata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama shi a tsaye a fizgo sama, sannan a ƙara matse bel ɗin cinya. Fizgowar na tattare safa, matse cinya kuma ba ya hana komai, sai ma ya tare jinin da ke komowa ya ƙara kumbura ƙafa. Bel ɗin da ke hana zamewa shi ne na ƙasan gwiwa, wanda ke zaune a saman tudun sha-raɓa. Tudun nan shi ne matokarin. Saboda haka ka koma gado, ka buɗe duka, ka gyara safa, ka saita tagar a kan ƙoƙo, ka fara da wannan bel ɗin ka ba shi ɗan ƙarin ja, kana kiyaye ƙullin ƙashin nan na gefe.

Idan har yanzu yana sauka, ninko rarar safar ta sama da ta ƙasa a kan bakunan maɗaurin, ko ka matsar da fallayen gefe ciki don rage faɗinsa. Siririn soso da aka naɗa sama da idon sawu, a ƙarƙashin maɗaurin, yana cike gurbin da ƙafa ta tsuke. Masu kaurin cinya da siririn ƙwauri su suka fi shan wahala a nan, wasu sai an haɗa musu da igiyar da ke ratayuwa a ƙugu ko kafaɗa, ko a sauya musu wani irin maɗauri. Ka ɗauka cewa za ka sake saita shi sau da yawa a rana, musamman kafin kowace tafiya.

8. Tashi, tafiya da zama

A saita sandunan dogarawa tukuna. Kana tsaye da takalmi, kan sandar ya tsaya faɗin yatsu biyu zuwa uku ƙasa da hammata, mariƙin hannu kuma ya zo daidai wuyan hannu idan ka saki hannunka. Nauyi a tafin hannu yake sauka. Wanda ke rataye hammata a kan sanda yana danne jijiyoyin hannu, har yatsu su fara mutuwa.

Tashi daga kujera: matso bakin kujerar, ƙafa mai maɗauri a miƙe gaba, lafiyayyar a ƙarƙashinka. Riƙe sandunan biyu a hannu ɗaya ta mariƙinsu, ɗaya hannun ya dafa kujera, ka tashi da ƙarfin lafiyayyar ƙafa. Sai ka tsaya daidai kafin ka raba sandunan. Zama kuma akasin haka ne: ja da baya har ka ji kujera a bayan lafiyayyar ƙafa, tura mai ciwon gaba, dafa, sauka a hankali. Kujera mai tsayi da hannuwa ta fi kujerar da ake nutsewa a ciki. Ka tanadi wani abu da za ka ɗora dunduniya a kai, kada ƙafar ta yi ta rataya.

Tafiya: sanduna gaba, sai mai ciwo, sai lafiyayya. Gajeren taku. Tunda gwiwa ba ta lanƙwasawa, yatsu kan ja ƙasa, takalmi mai ɗan tudu a lafiyayyar ƙafa yana ba mai ciwon sararin wucewa. Silifas da safa zalla a kan daɓe mai santsi su ne ke kayar da mutane. A kwashe ƙananan shimfiɗu da wayoyin wuta daga hanya, a bar fitila a hanyar banɗaki da dare. Wajen juyawa, ka juya da ƙananan taku, kada ka murɗa jiki a kan ƙafar da aka kafe.

Matakala: wajen hawa lafiyayya ce gaba, sai mai ciwo da sanduna su biyo. Wajen sauka sanduna da mai ciwo ne gaba, lafiyayya ta biyo. Idan akwai ƙarfen dafawa, dafa shi da hannu ɗaya. Idan kana jin jiri, zauna ka bi matakalar da mazaunai.

Banɗaki: tsuguno ba zai yiwu ba, kada ma a gwada. A nemi kujerar bahaya ko abin ƙara wa masai tsayi, a kuma duba tun da wuri ko akwai filin miƙe ƙafa a gabansa.

Mota: kujerar baya, ka shiga da baya-baya ka ja jiki har ƙafar ta kwanta a kan kujera. Idan ƙafar dama ce, shiga ta ƙofar dama, idan hagu ce ta ƙofar hagu, ta haka ƙafar za ta jingina da bayan kujera. Ɗaura bel ɗin mota duk da haka.

Gargaɗi: babu tuƙi da ƙafar dama a ɗaure, ba za ka iya taka birki a kan lokaci ba. Ta hagu ma haka idan motar mai kuloci ce, ko kana shan maganin ciwo mai sa barci.

9. Kwanciya da rage kumburi

Idan ba a ce ka cire ba, da shi za ka kwana. Cikin barci ne mutum ke naɗe ƙafa ba da saninsa ba. Kana iya sassauta bel kaɗan, amma ka tuna ka mayar kafin ka sauko da ƙafa daga gado, ko da fitsarin tsakar dare ne.

Kwanta rigingine, a jera matasai a tsaye ƙarƙashin sha-raɓa har dunduniya, ƙafar ta fi ƙirji tsayi. Kada a cusa matashi ƙarƙashin gwiwa ita kaɗai. Yana da daɗi, amma gwiwar da ta saba da wannan lanƙwasar tana wuyar miƙewa daga baya. Bar ƙarshen dunduniya ya ɗan rataya a iska don kada ta yi gyambon kwanciya. Mai son kwanciya ta gefe ya kwanta kan lafiyayyar, da matasai biyu tsakanin ƙafafu.

Ƙanƙara: kana kwance, buɗe gaban maɗaurin, bar ƙafar a cikinsa, ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu zuwa uku a kwanakin farko. Kada ruwa ya jiƙa bandeji, kada kuma barci ya ɗauke ka da ita a jiki.

10. Motsa ƙafar tana ciki

Gwiwa kaɗai aka hana motsi. Sauran ƙafar dole ta yi aiki, in ba haka ba jini ya kwanta, tsoka ta zube.

Idon sawu: ja yatsu zuwa gare ka, tura su gaba, sau 10 zuwa 20 duk awa idan kana farke. Wannan ne ke tura jinin sha-raɓa sama. Tsokar cinya: idan an yarda, matse ta kamar kana danna bayan gwiwa cikin katifa, riƙe daƙiƙa 5, saki, sau 10, sau uku ko huɗu a rana. Sa hannu a cinya ka ji ta yi tauri, ƙoƙon kuma ya ɗan motsa sama. Matse mazaunai ma haka. Ɗaga ƙafa a miƙe kuwa sai da izini ƙarara. Ga wanda aka gyara wa jijiyar cikin gwiwa yana iya zama aikin rana ta farko, ga wanda aka ɗinke wa jijiyar ƙoƙo yana iya zama haramtacce na makonni.

Gargaɗi: ƙafar da ba ta motsi tana cikin haɗarin daskarewar jini a jijiya. Sabon ciwo a sha-raɓa, kumburin da ya fi na jiya, ɗumi ko ja a wurin, a je asibiti a ranar, kuma kada a matsa wurin ko a yi masa tausa. Idan numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji na suka, ko tari da jini, gudan jinin na iya kaiwa huhu, wannan na gaggawa ne. Haɗarin ya fi ga mai shan taba, mai ƙiba, mai juna biyu, mai shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin estrojin, da wanda ya taɓa yi a baya. Idan an rubuta maganin hana daskarewa, a sha har ya ƙare.

11. Wanka, fata da wanke maɗaurin

Safe da yamma ka buɗe gaban maɗaurin kana kwance ka duba wurare biyar: agara, idon sawu ciki da waje, ƙullin ƙashin gefe, kwarin bayan gwiwa, da bakin sama a cinya. Madubi ko kyamarar waya na nuna maka baya. Shatin bel da ya ɓace cikin minti 20 zuwa 30 ba komai ba ne. Wanda ya zauna, ko wurin ya yi duhu fiye da kewayensa, ya yi zafi ko tauri, matsi ya yi yawa a nan: a sa soso a kewayen wurin, a kuma nuna wa ma'aikacin lafiya. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, saboda haka yatsa ya taya ido.

Idan an hana cirewa, wankan soso za ka yi a zaune, a goge ƙafar da jiƙaƙƙen tawul tana kwance cikin buɗaɗɗen maɗauri, a busar, a sauya safa. Idan za ka shiga ruwa da shi, rufe shi da babbar leda a manne bakinta a cinya. Idan an yarda ka cire, ka shiga wurin wankan da shi, ka zauna a kujera, ka ɗora ƙafar a kan wani abu, sannan ka cire. Ka mayar kafin ka tashi. Tsayuwa a jiƙaƙƙen daɓe da ƙafar da ba a ɗaure ba ita ce hanya mafi sauri ta komawa ɗakin tiyata.

Wanke maɗaurin: zare ƙarafan, ka sa wa kowanne alama da alƙalami don ka san aljihunsa da kansa na sama. Manne bel ɗin da juna, wanke da hannu da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ɗauraye sosai don ragowar sabulu na sa ƙaiƙayi, matse da tawul, shanya a inuwa. Zafin wuta ko na'urar busarwa na lalata soso. Bushewarsa na ɗaukar sa'o'i, kuma duk tsawon lokacin kana gado ba motsi, don haka mafi yawan ranaku sauya safa da goge soson da ɗanyen tsumma sun isa. Tsohon buroshin haƙori na fitar da zaren da ya cushe mannen bel.

12. Rabuwa da shi

Likita ne ke sa rana, ba raguwar ciwo ba. Karayar ƙoƙo da ba a yi wa aiki ba takan ɗauki mako 4 zuwa 6, a tabbatar da hoto. Bayan gocewar ƙoƙo ko wasu ayyukan tiyata lokacin ya fi haka gajarta sosai, wani lokaci kwanaki ne. Bayan ɗinkin jijiya kuwa sau da yawa ana sauya shi da mai gaɓa, a buɗe lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, misali daga digiri 30 a riƙa ƙarawa. Abin da likitan gashin ƙashi ke dubawa kafin ya yarda ka yi tafiya babu shi shi ne ko za ka iya ɗaga ƙafar a miƙe ba tare da gwiwar ta saki ko kaɗan ba. Idan tana saki, tsokar ba ta isa riƙe ka ba, kuma za ta iya lanƙwashewa kana tsakiyar taku.

Wuce ranar ma kuskure ne. Wasu kan saba da shi har su ji tsoron cirewa, alhali kowane ƙarin mako yana ƙara sandarewar gwiwa da ramar cinya. Yawanci a hankali ake yaye shi: a fara cirewa da dare da lokacin zama, sai tafiya cikin ɗaki da sanduna, a bar fita waje da shiga cunkoso su zama na ƙarshe.

Ranar da aka cire za ka ga cinyar ta rame, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa sai kaɗan. Haka ake tsammani. Kwanta ka riƙa jan dunduniya zuwa mazaunai a kan shimfiɗa har inda ka ji ja, ka riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, ka mayar, cikin iyakar digirin da aka ba ka. Kada ka bari wani ya kama ƙafar ya tanƙwara ta da ƙarfi wai don ta saki. Ka riƙa sa alama a shimfiɗar inda dunduniya ta tsaya, idan mako biyu suka wuce alamar ba ta matsa ba, ka faɗa wa likitan gashin ƙashi kafin ranar da aka ba ka.